Wane suna za mu raɗa wa awon karkarwar fiffiken inji ba tare da an taɓa shi ba?

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wata dabara da injiniyoyi ke kira blade tip timing, ina so mu sama mata suna da Hausa wanda mai koyon aiki zai ji ya gane. Wasunku sun riga sun kawo shawarwarin kalmomi, zan amsa musu a ƙasa. Amma bari mu fara da aikin kansa.

A cikin injin jirgin sama, da manyan injunan tururi da na gas masu juya janareta, akwai fuka-fukai jere a jikin faifai. Da yawan injunan lantarki juyi 3000 suke yi a minti. A wannan gudun kowane fiffike yana lanƙwasa yana miƙewa, sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa guda. Idan bugun iska ko tururi ya zo daidai da saurin kaɗawar da fiffiken ke da ita a halittarsa, sai motsin ya yi ta ƙaruwa, ƙarfe ya gaji ya tsage, wata rana ya ɓalle ya farfasa na kusa da shi. Irin wannan haɗari ne ya sa Wilfred Campbell na kamfanin General Electric ya fito da jadawalinsa a 1924, wanda har yau ake dubawa don a san gudun da za a guje wa.

A tsohuwar hanya, ɗan ma'auni ake mannawa a jikin fiffiken, a yi ta fama da yadda saƙo zai fito daga abin da ke juyi. Fuka-fukai kaɗan ake iya mannawa, zafi kuma ba ya barin ma'aunin ya daɗe.

A wannan dabarar kuwa, jikin gangar injin ake dasa sensa, wato na'urar da ke gane wucewar abu, tana fuskantar bakin fuka-fukan. Wata da haske take aiki, wata da maganaɗisu. Aikinta ɗaya ne: rubuta lokacin da kowane fiffike ya gifta ta gabanta. Da a ce fiffiken ba ya lanƙwasa, an san lokacin da zai iso. In ya riga lokacin ko ya makara, to ya lanƙwasa. Misali, bakin fiffike na gudun mita 400 a daƙiƙa, sai ya makara da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa: ya kauce da milimita 0.4 ke nan.

To, ga kalmomin.

Motsin kansa, ni karkarwa na zaɓa. Girgiza ta abu dungurungum ce, shi ya sa muke cewa girgizar ƙasa. Jijjiga kuma tana sa a ji kamar wani ne ya kama abin da hannu. Karkarwa ƙanana ce, mai sauri, a jikin abin take.

Malam, na ga ka kawo kalmar "ruwan wuƙa" a madadin fiffike don fassara blade. Allah ya ƙara sani, amma ban bi ka ba. Wannan ƙarfen ba yanka yake yi ba, iska yake turawa ko ita ta tura shi. Fiffiken fanka kowa ya san shi, a kai za mu ɗora. Sensa kuwa a bar ta yadda take, makanikai sun riga sun saba da ita.

Inda na fi damuwa shi ne sunan dabarar. Wasu sun ce "awon karkarwa daga nesa". Nesa ina? Tsakanin sensa da bakin fiffike 'yan milimita ne. Kuma sensar ba ta ganin karkarwa ko kaɗan. Sau ɗaya take ganin kowane fiffike a juyi guda, wato sau 50 a daƙiƙa a injin da na ambata, alhali fiffiken ya ninka haka a kaɗawa. Shi ya sa ake dasa sensa da yawa, a ƙi daidaita tazararsu da gangan, kwamfuta ta haɗa lokutan ta lissafo karkarwar. Sunan da ya ɓoye wannan zai sa ɗalibi ya ɗauka sensa ɗaya ta isa.

Don haka shawarata: awon giftawar fiffike. 'Yar'uwa, kalmar wulgawa da kika kawo a madadin giftawa ta burge ni, don ta kama saurin sosai. Sai dai abu na iya wulgawa ba a tantance shi ba, giftawa kuwa dole ta gaban wani ake yin ta, kuma wannan gaban shi ne wurin sensa.

Ku gwada a jimla: "An yi wa injin awon giftawa, an ga fiffike na bakwai yana makara fiye da sauran, a tsayar a duba ko ya tsage." Masu aiki a kan waɗannan injuna, in ya yi muku nauyi a baki ku faɗa.