An ba ni tallafin karatu da sharaɗin aikin shekara uku a makarantar gwamnati, in sa hannu?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga wanda abin ya taɓa bi ta kansa. Shekarata biyar ina aikin mataimakiyar malami a wata firamaren gwamnati a nan jihar Ohayo ta Amurka. Digirina na ilimi daga gida na zo da shi, an tantance takardun, katin zama ma ina da shi. Yanzu wata jami'a da hukumar makarantun yankinmu sun haɗa hannu za su biya mini kuɗin makaranta duka, in yi digiri na biyu in zama mai ba ɗalibai shawara, wato "counselor" da Turanci, irin masu kula da damuwar yara da lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Sharaɗin shi ne in na gama in yi musu aiki shekara uku a duk makarantar da suka tura ni. Inda gizo ke saƙar, maigidana babbar mota yake ja, kuma tun bara yake zancen mu koma Teksas kusa da yayansa. Yaranmu biyu, ƙaramar ko shekara uku ba ta cika ba. Ranar Juma'a za a rufe karɓar takarda. In na sa hannu muka tashi kafin wa'adin ya cika, me zai biyo baya?

Ɗan Zongon Bronx: Wa alaikumus salam. Ashe dai mun kusa yin kansila a gida! Hajiya in an rantsar da ke kar a manta da mu wajen rabon taki.

Injiniya Hiyustan: Ki fara duba irin bizarki. In ta ɗalibai ce, yawancin kuɗin gwamnatin tarayya ba ya hawa kanki, sai ɗan ƙasa ko mai katin zama.

Maman Hanifa: Injiniya ai na faɗa a sama, ina da katin.

Anti Nas: Ƙanwata bar wahalar nan ki karanta aikin jinya. Duk jihar da kika je aiki na jiranki. Ni shekara goma sha ɗaya ke nan ban taɓa neman aiki ya wuce mako biyu ba.

Ummu Sudais: Maman Hanifa, ni na sa hannu a irin takardar nan, don haka zauna ki ji. Tawa ta jiha ce, ba zan faɗi wacce ba. Ranar da aka kira ni har sujjada na yi. Abin da ba wanda ya zaunar da ni ya faɗa mini shi ne kuɗin makaranta kawai suke biya. A shekara ta biyu akwai sanin makamar aiki, awa 600 a cikin makaranta, bayan awa 100 da aka fara da ita, kuma ni ko sisi ba a ba ni ba. Da rana ake yi, lokacin da yara ke makaranta, wato daidai lokacin aikin da nake ci da shi. Dole na ajiye aikin, inshorar lafiya ta tafi da shi. Na koma kula da wata tsohuwa da dare, in fito ƙarfe shida na safe, in yi wanka in wuce makaranta in saurari matsalar 'ya'yan wasu, nawa suna wajen maƙwabciya.

Na gama, aka tura ni wata makarantar da ke da nisan tafiyar awa ɗaya da kwata daga gida. Ni kaɗai, ɗalibai sun haura ɗari biyar. Rabin ranata a tsara jadawalin darasi da gadin jarrabawa da tsayuwa a ɗakin cin abinci take tafiya. Yarinyar da ke yanka hannunta da reza minti goma sha biyar nake samu in ba ta.

Duk wannan na jure. Ina wata na goma sha tara a aikin aka bugo mini daga Zariya mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki. Na ɗauki hutun da doka ta ba ni, mako goma sha biyu ba albashi. Ya ƙare tana nan kwance, ni ce babba, na ƙara wata biyu har Allah ya karɓi abarsa. Ina dawowa na tarar da wasiƙa: na karya yarjejeniya, tallafin ya koma bashi. Ba su rage wata goma sha taran da na yi ba, kuɗin ruwa kuma tun daga ranar da suka biya zangon farko suka fara lissafi. Yana nan rubuce a shafi na shida, da ƙananan haruffa, ni ce ban karanta ba. Har yau ina biya.

Hajiya Kolombus: Innalillahi. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta.

Ɗan Maraɗi: Allah shi gafarta mata. Amma Ummu Sudais nawa ne kuɗin duka?

Ummu Sudais: Amin, na gode. Dala dubu 34 suka biya. Da ruwa ya doshi 41.

Anti Nas: 34 kacal? 'Yar ƙawata a Niyok irin digirin nan ya ci mata sama da dubu 70.

Injiniya Hiyustan: Wannan jami'ar kuɗi ta je. Matar abokina ta intanet ta yi nata, bai kai dubu 25 ba.

Ummu Sudais: Ta intanet ko ta sama, awa 600 ɗin nan da ƙafarki za ki je ki yi. Kuma a tambaya ko jihar ta yarda da shirin kafin a biya.

Malam Na-Jami'a: Bari in sa baki, don ana ta cakuɗa abu uku. Akwai mai ba da shawara, wanda Maman Hanifa ke magana, yawanci shekara biyu zuwa uku. Akwai ma'aikacin walwala na makaranta, shi nasa horon a fili ba ya gaza awa 900. Sai masanin halayyar ɗalibai, mai gwada yara a gano masu buƙata ta musamman, shekara uku ne, ta ƙarshe awa 1,200, kuma a wurare da dama ana ba da ɗan alawus a wannan shekarar. Dalilin da ya sa ake ta rabon tallafin nan, ƙarancin ma'aikata ne. Ƙungiyar masu ba da shawara, ASCA, ta ce kamata ya yi mutum ɗaya ya riƙe ɗalibi 250, amma a ƙasar matsakaicin ya haura 350. Ta masana halayya, NASP, ta ce ɗaya ga 500, amma a zahiri ya kai ninki biyu. Bayan harbin makarantar Uvalde a Teksas a Mayun 2022, inda aka kashe yara 19 da malamai biyu, majalisa ta yi doka a watan Yuni, Biden ya sa hannu, aka ware dala biliyan ɗaya don horarwa da ɗaukar irin waɗannan ma'aikata. A Afrilun 2025 gwamnatin Trump ta sanar ba za ta ci gaba da biyan da yawa daga cikin tallafin ba, wasu jihohi suka garzaya kotu. Saboda haka tambayar farko: kuɗin naki daga ina ya fito, tarayya ko jiha ko hukumar yankin? In ya tsaya a tsakiyar karatu, wa zai cike, kuma sharaɗin shekara ukun yana nan a kanki?

Ummu Sudais: Malam, da girmamawa, ka taɓa kwana ɗaya a ofishin da yara ɗari biyar ke ƙwanƙwasa ƙofa?

Malam Na-Jami'a: Ban taɓa ba Hajiya, amma ɗalibaina da suka bi ta nan sun fi ashirin, mafi yawansu sun gama shekarunsu lafiya. Labarinki gaskiya ne, sai dai ba kowace takarda ce irin taki ba. Wasu suna rage bashin gwargwadon abin da mutum ya yi, wasu suna ɗaga ƙafa in rashin lafiya ce.

Ummu Sudais: Waɗanda suka gama lafiya su ne ke dawowa gaishe ka. Irinmu ba ma dawowa.

Ɗan Zongon Bronx: Wuta! Malam a sha ruwa.

Abban Kano: Ni dai mamaki kuke ba ni. A biya wa mutum digiri kyauta, a ba shi aiki, yana ta wani tunani? Mu nan malamin ba da shawara shi ne na tarbiyya, shi ne mai bulala, wani lokacin shi ke koyar da lissafi. Yaro in abin ya yi tsanani sai ruƙiyya, in ta ƙi sai Dawanau. 'Yar'uwa ki karɓa da hannu biyu.

Anti Nas: Abban Kano ka san nawa ake biyan mai rainon yaro a wata a nan? Wanda bai taɓa biyan haya da dala ba ya bari masu biya su yi magana.

Abban Kano: To Anti, ai shawara aka nema ba fasfo ba.

Hajiya Kolombus: Ku bar faɗan. Maman Hanifa, ni ƙanwar maigidana ta yi, yanzu shekararta huɗu a aikin, kuma ba ta yi nadama ba. Ta fara da dubu 52 a shekara, hutun bazara tana gida da 'ya'yanta, ga fansho. Kuma yaranmu na Afirka ta Yamma suna buƙatar irinku. Ta ce akwai wata yarinya 'yar Nijar da aka yi wata uku ana cewa taurin kai ne da ita ba ta magana, ashe mahaifinta ne ya rasu a gida ba a bar ta ta yi kuka ba. Da Hausa ta buɗe baki.

Injiniya Hiyustan: 52? A nan wajenmu sun fi 65.

Ummu Sudais: Ni da 46 na fara.

Maman Hanifa: Injiniya tunda kana Teksas, lasisin Ohayo zai yi mini aiki a can?

Injiniya Hiyustan: Kowace jiha da nata lasisin, sai kin kai takardunki sun duba. Amma a nan ba harajin albashi na jiha. Ku taho kawai.

Maman Hanifa: Ai tahowar ce matsalar, Injiniya.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da ya tsaya mini a rai ruwan nan ne. In ka sa hannu kana sane cewa in ka kasa za ta koma bashi mai ruwa, ba ka shiga riba ba tun farko? A tambayi malamai.

Malam Na-Jami'a: Ɗayar hanyar ma ai ruwan ne. Bashin karatu na tarayya ga masu digiri na biyu a shekarar karatu ta 2025/2026 ruwansa ya kusa kashi 8 cikin ɗari. Sai dai akwai tsarin yafe saura ga wanda ya yi aikin gwamnati ya biya sau 120, wato shekara goma, kuma wannan bai ɗaure ki a jiha ɗaya ba, makarantar gwamnati a Teksas ma tana shiga lissafi.

Ɗan Maraɗi: Gudun shekara uku a faɗa goma. An gudu ba a tsira ba.

Baban Sadik: Ni ku yi haƙuri, tun ɗazu nake karantawa ina haɗiye magana. Hajiya Kolombus ta ce yaranmu na buƙatarsu. Waɗannan mutanen su suka turo mini jami'an kare yara har gida. Yarona ɗan shekara tara ya ƙi zuwa Islamiyya, na ɗan tsula masa bulala biyu a ƙafa, washegari ya faɗa wa matar ofishin. Ko kirana ba ta yi ba. Sai ga mutum biyu da takarda suna buɗe firjina, suna tambayar 'ya'yana a ɗaki ni ina waje kamar ɓarawo. Wata biyu kafin a rufe fayil ɗin. Maman Hanifa, in kika zama su, ɗan Bahaushe ya zo miki da irin wannan, za ki kira?

Ummu Sudais: Dole ta kira, Baban Sadik, in ta ga alamar da ta sa ta zargi cutarwa. Doka ce a kan duk ma'aikacin makaranta, in ta yi shiru lasisinta ne a bakin ƙofa, har kotu ana iya kai ta. Yanzu ma da take mataimakiyar malami dokar na kanta. Ni na taɓa kira a kan 'yar wata da muke sallar Idi tare. Shekara biyu ba ta amsa sallamata.

Baban Sadik: To kun ji. Da kuɗinsu za su horar da namu su riƙa kai mu ƙara.

Hajiya Kolombus: Haba Baban Sadik. In tamu ce a kujerar ai ta san bambancin horo da azaba, ta san tabon ƙaho ba duka ba ne. Akwai waɗanda aka kai ƙara a kan tabon ƙaho fa, don mai dubawar ba ta taɓa gani ba.

Abban Kano: A kai uba ƙara don ya daki ɗansa? Allah ya kiyashe mu da wannan ci gaba.

Anti Nas: Kai kuma ka dawo.

Ɗan Zongon Bronx: Ni nawa yaron da kansa ya ce mini in na taɓa shi zai buga 911 ya kira 'yan sanda. Na miƙa masa wayar, na ce ya haɗa da tambayarsu ko suna dafa tuwo a can.

Maman Hanifa: Jama'a na gode, amma saura kwana biyu. Na buɗe takardar, tawa ta ce "ana iya" rage bashin gwargwadon aikin da aka yi, ba ta ce "za a" rage ba. Ummu Sudais, taki haka ta ce?

Baban Sadik: Kuma har yau sunana yana cikin kwamfutarsu, ko an rufe fayil ɗin. Akwai wanda ya san yadda ake sa a goge?

Injiniya Hiyustan: Ya danganta da jihar. Kana ina?