Ɗana yana ƙwarewa da ruwa, likita ya ce sai an sa shi barci an duba

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka min da shawara. Ɗana wata 14, tun yana jariri yake ƙwarewa da nono, har leɓensa ya taɓa yin shuɗi a hannuna. Sau 3 ana kwantar da mu saboda nimoniya. An ce asma ce, an ce tumbiɗi ne, mun sha magani har mun gaji. Babansa cewa yake ni ce ba na riƙe shi daidai, alhali haka na riƙe yayarsa kuma ba abin da ya same ta. Kwana nake zaune ina sauraren ƙirjinsa yana kurkur. Yanzu likitan maƙogwaro ya ce yana zargin tsaga ce tsakanin hanyar iska da hanyar abinci, sai an yi masa allurar barci an duba. Na ce ya ba ni lokaci. Tsoro nake ji wallahi.

Anti Nas: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki ɓata lokaci. Hoton ƙirji ba ya nuna wannan tsagar, ko kamarar da ake sa wa ta hanci tana iya wuce ta. Dole sai yana barci likita ya taɓa bayan maƙogwaron da ɗan ƙarfe ya ga zurfinta. Irin wannan tsagar ta kasu mataki 4 ne. Na ɗaya bai wuce igiyoyin murya ba, na huɗu yana gangarawa har cikin ƙirji. An yi masa gwajin haɗiya, wanda ake dubawa ko abin da yake sha na shiga hanyar iska? Ba ki faɗa ba.

Maman 'Yan Uku: Ni dai ban yarda da gaggawa ba. 'Yata matakin farko gare ta, kaurara mata abin sha aka yi da maganin tumbiɗi, ta warware. Amma shekara guda na yi ana min kallon mai raki, wata ma'aikaciya har cewa ta yi na fiye zuwa asibiti. Har yau abin na ci min rai.

Anti Nas: To ta yaya aka san matakin farko ne? Ai dubawar aka yi. Kuma wasu yaran ruwa na shiga huhunsu ba ko tari. Nimoniya sau 3 ba wasa ba ce. In ƙarama ce ana iya cike gurin da allura ko a ɗinke ta baki, ba sai an yanka wuya ba.

Uwar Biyu: Anti, ba sakaci nake yi ba fa. Na riga na fara kaurara masa ruwa da kaina, kuma tarin ya ragu.

Anti Nas: Da kanki? Ai gwajin haɗiya ne ke nuna kaurin da ya dace da shi.

Baban Ɗaya: 'Yar uwa, ki nemi likita na biyu tukuna. Mu sai da muka ga uku kafin a saurare mu.

Uwar Biyu: Na gode. Amma ku ba ku gan shi ba, ƙaramin jiki gare shi, nauyinsa ma ba ya ƙaruwa. Ina ganin zan jira ya ƙara ƙwari. Babansa ma har yanzu ban gaya masa maganar barcin ba.