Wai me za mu kira "torque" da Hausa?

Jiya a wajen mai faci aka mayar min da taya. Yaron shagon ya zura bututun ƙarfe a hannun wilsifana, ya hau kai da ƙafa biyu yana rausaya, har noti ya yi kuka. Na ce, "Kai samari, ya isa haka." Ya ce, "Alhaji, ai gara ya ɗauru sosai." Na buɗe baki zan yi masa bayanin torque, sai na rasa da wace kalma zan fara.

Ga dai abin da ake nufi: ƙarfin da ka danna, a ninka shi da tsawon hannun sifana. Ana auna shi da Nm, wato Newton-mita (nauyin kilo ɗaya kusan Newton 9.8 ne). Notin tayar Corolla 103 yake buƙata, na Golf 120. Shi kuwa yaron nan, a ce kilo 60 ne, a kan bututu mai tsawon mita ɗaya, ya zuba wa notin kusan 590, tun kafin ya fara rausaya. Ya haura ninki biyar na abin da notin Corolla yake buƙata ke nan. Daga nan ne ƙusar take miƙewa ko zarenta ya cinye, wata rana ta karye. Ko kuma taya ta fashe maka da dare tsakanin Kano da Zariya, ka yi ta fama noti ya ƙi motsi.

Na tambayi abokai, an ba ni amsa uku.

Wani ya ce "tok" kawai, yadda muka karɓi birki da giya. Ban ƙi ba, sai dai birki abu ne da ake nunawa da yatsa. Wannan kuwa ba a ganinsa, don haka ina son kalmar da za ta yi wa kanta bayani.

Wani ya ce "ƙarfin ɗauri". Yana da daɗin faɗa, kuma a kan noti ya zauna daram. To inji fa? Shi ma yana da torque, shi ne ke fizgar tirela a kan tudu, kuma ba abin da yake ɗaurewa.

"Ƙarfin juyi" ya fi kusa. Matsalarsa, idan noti ya cije ka danne sifana, ƙarfin yana nan ko da babu abin da ya juya.

Ni na tsaya a kan "ƙarfin murɗi". Hannu ake murɗewa, wanki ake murɗewa, kuma kana iya murɗa abu ya ƙi juyawa. Ya hau noti, ya hau inji. (Wani ya ce a sa "murɗiya". A'a, wannan a bar wa 'yan siyasa.)

Sai mu ce: "Ƙarfin murɗin notin motar nan 103 ne. A ɗaure su a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, kada a bi su a jere. Kada a shafa wa zaren mai. In an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a sake dubawa."

Saura sifanar da ake saita mata lamba, wadda in an kai adadin take yin ƙas. Na so in ce "sifana mai awo", amma na san in ta shiga gareji "mai ƙas" za a kira ta. Makanikai, ku me kuke ce mata?