Wai daga ina kuɗin kula da tsofaffin Yahudawa ke fitowa ne?

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya ga wanda ya san harkar nan. Aikin kula da tsofaffi a gida nake yi a Brooklyn, yau wata bakwai kenan ina zuwa wajen wata tsohuwa Bayahudiya, shekararta 88, ita kaɗai ce a gidan, mijin ya rasu, ɗanta kuma yana nesa sai dai waya. A Odesa ta ƙasar Yukren aka haife ta, tana 'yar ƙarama Yaƙin Duniya na Biyu ya iso musu a 1941, mamanta ta gudu da ita har Tashkent ta Uzbekistan, baban kuwa bai dawo ba. Sai bayan rushewar Tarayyar Sobiyet suka zo Amurka. Turancinta kaɗan ne, ni kuma bana jin Rashanci, amma wallahi mun shaƙu, da hannu da ido muke hira.

Matsalar ita ce awa huɗu aka ba ni a rana, kwana biyar a sati, kuma tunda ta faɗi a banɗaki watan jiya awa huɗun nan basa isa, in na tashi tafiya ta riƙe min hannu, har na hau jirgin ƙasa hankalina na kanta. Na tambayi ofishinmu suka ce ba su ke yanke awa ba, wata ƙungiya ce ke biya, iyakar abin da aka faɗa min kenan. Kuma ina ganin ana kawo mata kwalin abinci duk sati. To wai kuɗin nan sadaka ne ko na gwamnati? Kuma wa ake samu in ana so a ƙara mata lokaci? Bana son in shiga hurumin da ba nawa ba, amma shirun ma ya gagare ni.

Malam_Bashir:

Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya saka miki da alheri. Kuɗin ba daga tukunya ɗaya yake fitowa ba, shi ya sa ofishinku ma suka kasa yi miki bayani.

Mafi girma a ciki ba sadaka ba ne ma, diyya ce daga Jamus. A 1951 ƙungiyoyin Yahudawa suka haɗu a New York suka kafa abin da ake kira Claims Conference ƙarƙashin Nahum Goldmann, don neman haƙƙin waɗanda 'yan Nazi suka zalunta. A watan Satumba 1952 aka sa hannu a yarjejeniyar Luxembourg, Konrad Adenauer ya sa hannu a madadin Jamus ta Yamma, ta yarda za ta ba Isra'ila mark (kuɗin Jamus na lokacin) biliyan 3, ita kuma Claims Conference mark miliyan 450. Tun daga nan ba a daina zama ba, har yanzu duk shekara suna zaunawa da ma'aikatar kuɗi ta Jamus a yi ciniki. Na shekarar 2024 ya kai kusan dala biliyan 1.4, kuma kusan miliyan 889 a ciki na kula da tsofaffi a gida ne da makamantansa. Ita Claims Conference ba ita ke turo ki gidan tsohuwa ba, tana raba kuɗin ne ga ƙungiyoyin walwala a ƙasashe daban daban, su kuma su ɗauki ma'aikata ko su ba kamfani irin naku kwangila. A nan New York akwai Selfhelp, wadda 'yan gudun hijira daga Jamus suka kafa a 1936. Kuma ki lura, ba sai wanda ya shiga sansanin mutuwa kaɗai ake lissafawa ba, waɗanda suka gudu gabas lokacin da sojojin Jamus suka shigo, kamar labarin tsohuwarki, su ma an sa su cikin wasu shirye-shiryen.

Sai ainihin sadakar, wadda su suke cewa tzedakah, tushenta ɗaya da kalmarmu sadaka. Ƙungiyoyinsu na nan New York ke wannan aikin: UJA-Federation na tara gudunmawa duk shekara daga al'ummarsu ta rarraba, JASA da aka kafa a 1968 aikinta tsofaffi ne zalla, Met Council kuma ta yi suna wajen rabon abincin kosher, wato wanda ya halatta a addininsu, ba mamaki kwalin da kike gani daga irin wannan hanyar yake. Akwai kuma manyan gidauniyoyi irin ta Harry da Jeanette Weinberg ta Baltimore da ke zuba kuɗi sosai a harkar tsofaffi.

Na ƙarshe gwamnati, wato Medicaid, inshorar lafiya ta masu ƙaramin ƙarfi, kuma a jihar nan galibin awannin kula da tsoho a gida daga nan suke fitowa. Don haka abu na farko ki gano awa huɗun naki na Medicaid ne ko na ƙungiya, domin ƙofar da za a buga daban ce.

Auwal_84:

Ni fa abin na daure min kai. Ba Yahudawa ake cewa su ne masu kudin duniya ba, ya kuma za a ce tsohuwarsu na jiran kwalin abinci? Ba da wata manufa nake tambaya ba, kawai dai abin da muka taso muna ji ne.

Hajiya_Turai:

Auwal ɗana, maganar nan da muka taso muna ji ita ce dai aka riƙa yaɗawa a Turai kafin 'yan Nazi su hallaka Yahudawa miliyan 6, gara mu daina maimaita ta. Na yi shekara goma sha ɗaya a aikin nan, na shiga gidaje a unguwannin Brighton Beach da Borough Park na Brooklyn, na ga tsohon da ke raba ƙwayar magani biyu don ta kai shi ƙarshen wata. Yawancin waɗanda suka zo daga Sobiyet sun zo ne da furfurarsu, injiniya ne ko malamar makaranta a can, amma a nan basu yi aikin da za su tara fansho ba, ɗan tallafin SSI da gwamnati ke ba tsofaffi marasa hali suke ci, ga haya a Brooklyn kai ma ka san yadda take, ga abincin kosher ya fi tsada, balle lokacin idin Pesach da sai an canja kusan komai na kicin. Masu hali a cikinsu akwai, kamar kowace al'umma, kuma gaskiya suna bayarwa, ai su ne ke riƙe da ƙungiyoyin da Malam ya lissafa.

Maman Ilham ke nake so in yi wa magana. Faɗuwar nan da ta yi ita ce hujjarki, amma sai an rubuta. Duk ranar da kika same ta bata ci abinci ba, ko ta kasa tashi daga kujera, ko ta kwana da kayan jiya, ki rubuta a takardar aiki da kwanan wata, ki kuma sanar da nas ɗin kamfaninku. Ba da tausayi ake ƙara awa ba, da gwaji ake ƙarawa, wani zai zo ya duba me take iya yi da kanta me bata iyawa. To ga inda ake samun matsala, tsofaffin nan in baƙo ya zo sai su miƙe su gyara zama su ce lafiyarsu ƙalau, wata ma har shayi za ta dafa masa. Mutumin da ya taso a zamanin da nuna rauni zai iya zama ajalinsa ba zai ce wa baƙo mai takarda bana iya wanka ba. Na taɓa ganin an rage wa wani dattijo awa saboda haka, ranar sai da na yi kuka a hanya. Ki roƙa a bari kina wajen ranar gwajin, a kuma kawo mai jin Rashanci, kuma a kira ɗan nata a waya ya ji.

Duba jikin firij ko cikin takardunta, kusan kullum akwai kati mai lambar ma'aikaciyar walwala da ke riƙe da fayil ɗinta. Amma ki nemi izinin tsohuwar tukunna, kada ta ji an yi abu a bayan idonta. In kuma kin ga tana ɓoye burodi a ƙarƙashin filo ko cikin jaka kada ki zubar a gabanta, yunwar yarinta ce bata sake ta ba.

Sagir_Landan:

Bari in ƙara ta ɓangaren lissafi tunda aikina kenan, ina yi wa ƙungiyoyin agaji akanta a nan Ingila. Abin da mutane basa ganewa shi ne yawancin kuɗin nan ɗaurarre ne, mai bayarwa ya ce na abu kaza ne to na abu kaza ne, ƙungiya bata isa ta ɗauki kuɗin abinci ta biya awannin Maman Ilham ba ko da tana ganin buƙatar da idonta. Shi ya sa za ki ga kwali na zuwa duk sati amma awa bata ƙaru ba, ba rowa ba ce, asusun ne daban.

Kuma akwai wani abu da ke damuna da tsarin. Rahoton da Claims Conference ta fitar a Janairun 2024 ya ce waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi da suka rage a raye wajen 245,000 ne a ƙasashe sama da 90, kusan rabi a Isra'ila, matsakaicin shekarunsu 86. Adadin na raguwa amma kuɗin kowane mutum ɗaya na hawa, don wanda jiya awa huɗu ta ishe shi yau sai an kwana da shi. To kuɗin Jamus na waɗannan ne kawai. Tsohon da aka haifa a Bronx ko nan Landan, ko wanda aka haifa bayan 1946, bashi da kaso a ciki ko da talaucinsu ɗaya da maƙwabcinsa, shi sai gwamnati da sadakar al'umma. JDC, ƙungiyar agajin Yahudawan Amurka da aka kafa tun 1914, ta daɗe tana fama da wannan a cibiyoyinta na walwala da ake kira Hesed a Yukren da Moldoba da sauran tsoffin ƙasashen Sobiyet, tsofaffi biyu a bene ɗaya, ɗaya na da asusu ɗaya babu. A ganina duk mai son bayarwa ga harkar tsofaffin nan, kuɗin da ba a ɗaure ba ya fi amfani, ko da bashi da daɗin sakawa a rahoto. A nan Jewish Care, wadda aka kafa a 1990, ita ce babba, kuma ita ma sai ta fita neman gudunmawa duk shekara don cike giɓin abin da ƙananan hukumomi ke biya.

In kika ga suna ta tambayar takardu kada ki ji haushi. A 2010 aka bankaɗo wata damfara a cikin Claims Conference ɗin kanta, wasu ma'aikata da 'yan waje sun yi ta shigar da takardun bogi, kuɗin ya haura dala miliyan 57, an kuma ɗaure mutane. Tun daga nan tantancewa ta ƙara tsanani, kuma tsofaffin na gaskiya ne ke shan wahalar cike fom.

Malam_Bashir:

Sagir ya tuna min abu ɗaya. Wasu tsofaffin na tsoron karɓar diyyar Jamus wai kada a yanke musu Medicaid ko SSI. Akwai dokar tarayya ta 1994 da ta ce ba a lissafa irin wannan kuɗin a matsayin kuɗin shiga wajen duba cancantar tallafi, sai dai yana da kyau a ajiye shi a asusu daban da takardunsa. Kuma in awannin na Medicaid ne aka ƙi ƙarawa, tana da damar ɗaukaka ƙara a saurare ta, ƙungiyoyin nan na da masu taimakawa da hakan kyauta.

Maman_Ilham:

Nagode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya kamar kin shiga gidan, burodin nan ina ganinsa a aljihun rigar sanyinta kullum ban taɓa sanin dalili ba, sau biyu ma na cire, wallahi jikina ya yi sanyi da na karanta. Katin ma akwai shi a jikin firij da rubutun Rashanci. Yau da safe na nuna mata shi na nuna waya, ta ɗan yi shiru sannan ta ɗaga kai, ta ce a fara kiran ɗanta. Mun kira shi, ashe bai ma san ta faɗi ba, ɓoye masa ta yi. Ya ce zai kira ma'aikaciyar walwalar da kansa ranar Litinin tunda gobe Asabar ce ofishinsu a rufe, ni kuma na fara rubuta komai tun daga ranar da ta faɗin. Malam Bashir in an sa ranar gwajin zan dawo in tambaye ka irin takardun da ya kamata mu tanada.