Ƙullutu mai tauri a ƙasan gwiwar ɗana: a yi aiki ko a bari?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Daga Tahoua nake, ina neman shawara kan ɗana mai shekara 13.

Tun bara muka lura da wani ƙullutu a ƙasan gwiwarsa ta dama, ta gefen waje. Tauri gare shi kamar dutse, ba ya motsi ko ka danna, fatar wurin kuma lafiya lau, ba ja ba zafi. Kakarsa ta ce targaɗe ne, muka kai wa mai ɗori, bai canza komai ba.

A likita aka ɗauki radiyo, wato hoton ƙashi. Dokta ya ce tsiron ƙashi ne da ake kira osteochondroma, ba ciwon kansa ba ne, yana girma tare da yaro, ya tsaya idan girma ya tsaya. Ya ce a bari a riƙa dubawa.

To yanzu ga abin da ya hana ni barci: wata biyu ke nan in ya dawo daga ƙwallo sai ya ce bayan ƙafarsa na mutuwa, har silifas ya zame masa bai ji ba. Jijiya ce tsiron ke dannewa? Wanda ya taɓa ganin irin wannan, mu jira ranar da aka ba mu, ko mu kama hanyar Yamai wajen likitan ƙashi?