"Will probably" da "probably won't": ina kuka taɓa cin karo da su?

Malamin Turanci, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina koyar da Turanci a sakandare, kuma duk shekara idan na zauna duba rubutun masu shirin WAEC da NECO, abu ɗaya nake gani. Yaro ya san will, can, may, must, should, waɗanda ake kira modal verbs. Ya san bayanau irin su probably, definitely da hardly. Haɗa su a jimla ɗaya ne ke ba shi wuya. Mu a Hausa a bakin jimla muke ajiye tabbaci ko shakka: lallai zan zo, wataƙila zan zo, da ƙyar in zo. Turanci kuwa a tsakiya yake cusa su, bayan will, kafin aikatau: "I will probably come." Idan kuma da won't ne, sai bayanau ɗin ya dawo gaba: "I probably won't come." Yarana "I won't probably come" suke rubutawa, kuma ba haka ake faɗa ba. Don Allah duk wanda abin nan ya taɓa shafa a wurin aiki ko kasuwa ya ba mu labari, in kai wa yaran misalai na zahiri.

Nas a Ingila:
Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri. Kafin a yi mana rajistar aiki a nan sai mun ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, amma a ɗakin marasa lafiya na san nauyin waɗannan kalmomi. An taɓa kwantar da wani dattijo ɗan ƙasarmu da ya zo ganin jikoki. Likita ya ce wa ɗansa, "He may well go home tomorrow." Ɗan ya biyo ni baranda, jiki a sanyaye, ya ce, "Anti, likita ya ce wataƙila, ke nan babu tabbas ko?" Na ce masa ya kwantar da hankali. May ita kaɗai ce wataƙila. In aka ɗora mata well, magana ta yi ƙarfi, ma'ana an fi sa ran a sallame shi.

Wadda ta fi damuna ita ce "It could easily get worse." Na sha ganin dangi sun ji easily sun saki jiki, a zatonsu likita na cewa abin da sauƙi. Alhali gargaɗi yake yi, cewa abu kaɗan zai sa ciwon ya tsananta. Likitocin nan ba sa son yanke magana kai tsaye, don haka a wannan 'yar kalma ta tsakiya suke sanya ainihin abin da suke nufi. Yanzu in likita ya fita, nakan tsaya in tambayi dangin me suka fahimta.

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari:
Anti, maganarki gaskiya ce, ni a aljihu na ji ta. Yaron shagona ke karanta min saƙonnin WhatsApp na dillalin da ke turo mana yadi. Mutumin ya rubuto, "We can hardly ship before Friday." Yaron ya ce, "Alhaji, sun ce za su dage su turo kafin Juma'a." Ya ɗauki hardly daga hard take, wato aiki tuƙuru. Na kira masu sari biyu na ce su shirya. Juma'a ta zo ta wuce, babu kaya. Sai daga baya wani maƙwabcin shago ya duba saƙon ya ce ai mutumin cewa ya yi da ƙyar in hakan zai yiwu. Dillalin bai yi ƙarya ba. Mutunci na ne ya taɓu a gaban abokan ciniki.

Malamin Turanci, Zariya:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. A gaya wa yaron ya riƙe "I can hardly hear you," wato da ƙyar nake jin ka, wadda ake faɗa a waya kullum. Kuma ba a haɗa hardly da can't, domin ita kanta korewa ce.

Sakatariya, Abuja:
Ni possibly ce abin mamakina. Shugabar ofishinmu in tana son aiki takan ce, "Could you possibly send it today?" Wata ƙanwata da aka ɗauka sabuwa ta ji possibly, ta ɗauka zaɓi aka ba ta, ta bar aikin sai gobe. Ladabi ne kawai, kamar mu ce "don Allah ko za ki taimaka." Aikin dai yau ake son shi. Amma wannan kalmar in ta bi can't, sai ta zama rufe ƙofa: "I can't possibly sign this" na nufin ko alama ba zan sa hannu ba, kada ma a sake tambaya.

Ɗalibi, Maraɗi:
Mu da Faransanci muka fara, Turanci ya zo daga baya. Abin da ya taimake ni shi ne a Faransanci ma probablement kafin pas take zuwa: "Je ne viendrai probablement pas." Sai na riƙe cewa probably kullum tana gaban not. Amma Malam, ni ban yarda "Probably I will come" kuskure ba ne. Na ji Turawa da kansu suna faɗa.

Malamin Turanci, Zariya:
Ka yi daidai, ƙanena, ba kuskure ba ne, kuma ba na soke wa yaro maki a kanta. Sai dai maybe da perhaps su ne suka fi zama a farkon jimla, probably da definitely sun fi zama a tsakiya. Dabararka ma tana aiki: in ba a dunƙule will not ta zama won't ba, "I will probably not come" daidai ce.

'Yar aji shida, Katsina:
Malam, ina wuni. In akwai have fa? A jarrabawar gwaji an ba mu "You should never have gone" da "You should have never gone," aji ya rabu biyu. Kuma mene ne might as well? Yayana ya faɗa jiya da muka rasa mota.

Malamin Turanci, Zariya:
Lafiya lau, 'yata. Za ki ji duka biyun a bakin mutane, amma a jarrabawa zaɓi ta farko: bayanau ya biyo should nan take, sannan have. Might as well kuwa ana faɗarta ne in babu abin da ya fi, kamar ki ce "tunda babu mota, gara mu taka." Kada ki haɗa ta da may well ɗin da Anti ta kawo. Alhaji, in ka yarda, saƙon dillalin nan zan rubuta a allo ranar Litinin, in ce kowa ya faɗa min ko kayan za su iso Juma'a.

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari:
Na yarda, Malam. Ka turo min amsoshinsu, zan sa yaron shagon ma ya gwada.