Me ya sa ƙwayoyin T masu kai wa fankiriyas hari ba sa mutuwa a ciwon sukari nau'i na ɗaya?

Sadiya: Assalamu alaikum malamai. An koya mana cewa jiki yana kashe duk ƙwayar T, wato ƙwayar garkuwar jiki, da ta ɗauki naman jikinta a matsayin abokin gaba. To ina aka samu tangarɗa har suke cinye ƙwayoyin beta na fankiriyas masu yin insulin? Kuma me zai hana a ba yaro maganin da zai kashe su a huta?

Dakta Habu: Wa'alaikumussalam Malama Sadiya. Tacewar farko a taimos ake yin ta, ƙullutun nan da ke bayan ƙashin ƙirji. A can furotin AIRE ke sa a nuna wa ƙananan ƙwayoyin T samfurin furotin na sassan jiki, har da insulin. Wadda ta kama samfurin da ƙarfi, sai furotin Bim ya kunna mata mutuwar kai, wato afoftosis. Matsalar ita ce wasu mutane sun gaji wani nau'in ƙwayar halittar INS, wato ta insulin, da ke rage yawan insulin da ake nunawa a taimos. Idan samfurin ya yi kaɗan, mai laifin sai ta sulale ta shiga jini. Haɗarin yana ƙaruwa sosai ga mai ɗauke da nau'in DR3-DQ2 ko DR4-DQ8 na HLA, furotin ɗin da ke nuna wa ƙwayoyin T samfuri.

Akwai shinge na biyu a wajen taimos. Ƙwayar T da aka yi ta zuga tana mutuwa ta hanyar furotin Fas da FasL, sannan ƙwayoyin Treg, wato ƙwayoyin T masu tsaro, suna danne sauran. Su Treg ba sa rayuwa sai da sinadarin saƙo mai suna IL-2, kuma a wannan ciwo saƙon IL-2 yakan yi rauni, don haka masu tsaron ne ke galabaita, maharan suna nan daram. Dubi ciwon IPEX: FOXP3, furotin ɗin da Treg ke dogara da shi, ya lalace, babu Treg mai aiki, jariri yakan kamu da sukari tun watanninsa na farko.

Malam Nura: Dakta, a ƙara da ɓangaren beta. Ƙwayoyin T masu kisa, wato CD8, suna huda ta da furotin perforin su zuba mata furotin granzyme B mai kashe ta. Sinadaran kumburi IL-1β da interferon gamma kuma suna jigata ta, ta ƙara fito da HLA rukuni na ɗaya a jikinta, wanda ke sa maharan su fi saurin gane ta.

Hajiya Rabi: 'Yata, tambayarki ta biyu an gwada ta. A shekarun 1980 an ba sababbin marasa lafiya cyclosporin, wasu suka rage ko suka daina insulin na ɗan lokaci, amma yana lahanta ƙoda, kuma da an janye shi ciwon ya dawo. Danne garkuwa gaba ɗaya yana taɓa Treg ma, ya kuma buɗe wa cututtuka ƙofa.

Shi ya sa maganin teplizumab ya bi wata hanya. Yana kama CD3, furotin da ke jikin ƙwayoyin T, ya gajiyar da ƙwayoyin CD8 masu hari maimakon ya share su duka. Hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a Nuwamba 2022 ga masu shekara 8 zuwa sama da ke mataki na biyu: an ga alamun garkuwa biyu ko fiye a jini, kamar GAD65, IA-2 ko ZnT8, sukari ya fara rikicewa, amma ba a fara yawan fitsari da ƙishirwa ba. Ana ba da shi ta jijiya sau ɗaya a rana, kwana 14 a jere. A gwajin da aka wallafa a 2019 kan mutum 76, ya jinkirta bayyanar ciwon da kusan shekara biyu. Ana sa ido kan raguwar fararen ƙwayoyin jini, ƙuraje, zazzaɓi da aikin hanta.

Dakta Habu: Jinkiri ne, ba warkarwa ba. Yaron da ya riga ya fara allurar insulin kada a dakatar masa saboda wani jiƙo da aka ce yana gyara garkuwa. Cikin kwana ɗaya ko biyu sinadarin ketone mai sa jini ya yi tsami zai iya taruwa a jininsa har ya suma.